Damuwar yau da kullum: kurakuran da muke yi wajen neman sauƙi

Mutum ya kwana biyu kansa na sarawa, wuya ya riƙe, abinci ba ya masa daɗi, sai ya ratse kemis ɗin unguwa ya ce, "A haɗa min na maleriya da taifod." A ƙulla masa a leda, ya sha, ya ɗan ji dama-dama, bayan mako biyu ya sake dawowa. Sau da yawa sauro bai da laifi. Kuɗin haya ne ya zo, ga na makarantar yara, ga cefanen da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Idan hankali ya tashi, jiki kan saki sinadaran adirenalin da kotisol: zuciya ta ƙara bugu, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure, ciki ya rikice. Amfaninsu na ɗan lokaci ne, don mutum ya tsere wa haɗari. Idan suka yi watanni suna kai komo sai su koma ciwo. Don haka kafin ka sha maganin maleriya, a ɗiga jininka a gwada, minti ashirin ya isa. A auna maka hawan jini kuma, domin shi ba ya sallama. Idan komai ya fito lafiya lau, to ka zauna ka tambayi kanka me ke cin ka.

Wani kuskuren da ke yi mana ɓarna sosai shi ne wasa da barci. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Amma duba yadda daren magidanci ke tafiya a Tudun Wada ko Rigasa a garin Kaduna: bayan isha'i a zauna teburin mai shayi, a ce a zuba Nescafe ya yi kauri, a ɓantari goro, a shigo gida sha ɗaya. Can aka kawo wuta, sai a tashi guga da cajin waya, daga nan a faɗa Facebook da TikTok har ƙarfe ɗaya. Ladan kuwa ba zai ɗaga kiran asuba saboda kai ba. Barcin awa huɗu ke nan, da safe kuma a yi ta mamakin me ya sa ɗan kukan yaro ke sa mutum ya hau shi da faɗa.

Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin goro da shayi da kofi da lemon ƙara kuzari yakan yi kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya ci goro ƙarfe tara, ƙarfe biyun dare rabin yana nan yana aiki. A tsayar da su daga la'asar. Waya ta kwana a falo. Mai samun sarari ya yi ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin bayan azahar, kada ta zarce haka, in ba haka ba ta cinye barcin dare.

Akwai kuma hotuna da bidiyon da ake turowa a zaurukan WhatsApp. Garin da ya ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022 ba a ce wa mutanensa su daina bin labarin tsaro. Sai dai sanin halin da hanya ke ciki daban, kallon gawarwaki kana kwance a gado daban. Ka ji labaran rediyo safe da yamma, sauran ka bari.

Wasu idan barci ya ƙi sai su nemi ƙwaya, Valium ko wata ba tare da takardar likita ba. Matasa masu aikin ƙarfi su kama tiramadol. Jiki na sabawa da su, ƙwaya ɗaya ta koma uku. Ba a banza gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Motsa jiki kuwa ana ɗaukarsa na masu kuɗi ne da masu teɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da sauri ta wadatar. Na kusa da Dandalin Murtala ya zagaya da sassafe, na nesa ya sauka daga Keke Napep kafin layinsu ya ƙarasa da ƙafa.

Sai haƙurin da muka mayar da shi shiru. Mace ta kai kuka gida a ce mata, "Ki yi haƙuri, kowa da haka take zaune." Namiji ya yi awa uku a majalisa, siyasa da ƙwallo, bashin da ya hana shi runtsawa bai fito daga bakinsa ba. Ba kowa ake buɗe wa ciki ba, gaskiya ne, amma a samu mutum ɗaya mai riƙe sirri. A kuma koyi cewa a'a. Anko uku a wata guda, ga gudummawa, ga zubin adashe, duk don gudun kunya. "Yaya, wallahi wannan watan ba zan iya ba, Allah ya sa a yi taro lafiya." Za a ɗan ɗaure fuska, ya wuce.

Mafi haɗari shi ne jinkiri. Idan baƙin ciki ya kai mako biyu ba ya ɗagawa, abin da ke faranta maka a da ya daina, barci da cin abinci suka lalace, aiki ya gagara, abin ya wuce gajiya, ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Haka mai jego da ke yawan kuka tana ƙin jaririnta, wadda ake saurin cewa iska ce. A yi addu'a, a kuma je asibiti; ɗaya ba ya hana ɗaya. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana duba masu rashin barci da fargaba su koma gida a ranar, duk da sunan da aka laƙaba masa a gari. Tun Janairun 2023 ma Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, tana kare haƙƙin majinyaci. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake. A kawar da fiya-fiya da ƙwayoyi daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.