Babi na 7: Yadda Ake Shirya Ƙaramin Ɗaki Ya Yi Fili

Darasi na 1: Awon ɗaki

Wannan babi na masu zama a ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo, musamman a gidan haya. Ba za mu rushe bango ba. Za mu koyi yadda ake ajiye kaya da lissafi, har iska ta riƙa shiga, mutum ya sami wurin shimfiɗa darduma ya yi salla ba sai ya ture kujera ba. Aikin farko shi ne awo. Kada a sayi komai, kada a kira kafinta, sai an auna.

Ku tanadi tef ɗin tela, da fensir, da littafinku na rubutu, da alli ko gawayi. Ku nemi wanda zai riƙe muku bakin tef, ko yaro ne ya isa.

Ku ɗauki tef ɗin, ku dube shi da kyau. Fuska biyu gare shi. Fuska ɗaya lambobinta manya ne, akwai rata tsakaninsu, sun tsaya a 60. Wannan ita ce fuskar inci. Ɗaya fuskar lambobinta ƙanana ne, a matse suke, sun kai 150. Wannan ta santimita ce. Mu da fuskar inci kaɗai za mu yi aiki, domin kafintocinmu da masu sayar da katifa da inci da ƙafa suke magana. Ku sa ɗan ɗigo da biro a fuskar inci don ku riƙa gane ta.

Yanzu ku nemo bakin da lamba 1 take kusa da shi. Daga nan ake farawa. A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe: sai mutum ya kama bakin da 60 take, ya yi ta awo da baya. Ku sa yatsa a kan 1. Ku faɗa da baki: ɗaya. To, wannan bakin shi za a manna a kusurwar ɗaki, wato lungun da bango biyu suka haɗu.

A kwantar da tef a ƙasa, a jikin bango, a miƙe shi sosai. Kada ya lanƙwashe, kada ya murɗe. Idan ya murɗe, fuskar santimita za ta juyo sama ba ku sani ba. Inda 60 ta tsaya, a ja layi da alli a ƙasa. A rubuta 60 a littafi nan take. A ɗaga tef, a dawo da bakin nan mai lamba 1 kan layin alli, a sake miƙewa. A sake jan layi, a sake rubuta 60 a ƙarƙashin ta farko. Abin da ya rage bai kai tef guda ba, sai a karanta lambar da ta taɓa bango, a rubuta ta.

Ga misali. An sami 60, an sake samun 60, saura ya nuna 24. A haɗa: 60 da 60 sun zama 120, a ƙara 24, ya zama 144. Inci 144 ke nan. Inci 12 shi ne ƙafa 1, saboda haka inci 144 ƙafa 12 ne. Wanda rabawa take ba shi wuya, ya tuna cewa tef guda cikakke ƙafa 5 ne. Tef biyu ƙafa 10. Inci 24 ƙafa 2. Duka ƙafa 12.

Idan ya rikice muku a karon farko, ba komai. Sannu ba ta hana zuwa. Ku goge layin alli, ku sake. Kafin ku sake, ku duba abu biyu: fuskar inci ce a sama? Bakin da 1 take ne a kusurwa? In haka ne, bismillah.

An gama bango ɗaya, sai a auna na gefensa. Ɗaya tsawo ne, ɗaya faɗi. Ana rubuta su haka: 12 x 12. Alamar da ke tsakiya ba kuskure take nufi ba, kamar wadda malami yake sa wa a littafi. Ana karanta ta "sau": sha biyu sau sha biyu.

Aiki: Kowa ya auna ɗakinsa sau biyu. Idan lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, a auna na uku.

Darasi na 2: Zanen ɗaki da awon kaya

Ku buɗe sabon shafi. Ku zana gida mai kusurwa huɗu, babba, ya kusa cika shafin. Ɗakinku ne kamar kuna kallonsa daga sama. Ku rubuta tsawo a gefe ɗaya, faɗi a ɗaya gefen. Inda ƙofa take ku rubuta Ƙ, inda taga take ku rubuta T. Ku nuna alƙibla da kibiya.

Ku auna faɗin ƙofa. Yawancin ƙofofin ɗaki suna tsakanin ƙafa 2 da rabi zuwa ƙafa 3. Idan ciki take buɗewa, gwargwadon faɗinta gwargwadon filin da za ta ci, kuma ba a ajiye komai a wurin. Nan ma daga 1 ake farawa. Na sha ganin ɗalibin da ya auna bango daidai, da ya zo ƙofa sai ya juya tef, ya rubuta 90 maimakon 36, ya zo aji yana cewa ƙofarsa ta fi ƙafa 7 faɗi. Santimita ya karanta. Ku duba ɗigon biro tukuna.

Sai gado. Shi ne ya fi komai cin wuri. Ɗaki mai 12 x 12, idan aka yanka ƙasansa gida-gida, kowane gida ƙafa 1 tsawo ƙafa 1 faɗi, za a sami gida 144. Gado mai 6 x 6 zai cinye gida 36, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin gaba ɗaya. Gado mai huɗu da rabi, wato faɗi ƙafa 4 da rabi, tsawo ƙafa 6, gida 27 yake ci. An sami rarar gida 9, kuma darduma kamar gida 8 take buƙata. Kun ga wurin salla ya fito daga canjin gado kaɗai.

A ɗaki mai faɗin ƙafa 10 abin ya fi tsanani. Gado ya ci 6, sif ya ci kamar 2, saura 2. Da ƙyar murfin sif zai buɗe. A bar aƙalla ƙafa 2 na wucewa tsakanin kaya da kaya, in an sami 3 ya fi.

Iyaye mata, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Lokacin jere ake yin ɓarnar nan. Ana zuwa wurin kafinta a zaɓi gado mafi girma da saitin kujeru cikakke, don kada dangin miji su raina, alhali ba wanda ya je ya auna ɗakin amarya. Ranar jere a tarar sif ya ƙi shiga ƙofa, a kwance shi, a toshe taga da shi, yarinya ta zauna cikin duhu da zafi shekara da shekaru. Wannan ba gata ba ne. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Ku tura mutum da tef kafin a ba kafinta kuɗi, ku ba shi lambobin a rubuce, ku riƙe kwafi.

Ku kuma mazan da kuke cewa kun auna da ido, ido ba ya awo. Taku ma yana yaudara, don takun wani ya fi na wani. Tef ɗin tela ba shi da tsada. Ba na son a sake zuwa aji da shafi babu lamba.

Aiki: A auna gado, sif, da kowace kujera, tsawo da faɗi. Fuskar inci, daga 1. A zana su cikin zanen ɗaki da fensir. Gado ya shiga kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. A kan takarda ake ture kaya, a goge, a sake, har hanya ta fito daga ƙofa zuwa taga.

Darasi na 3: Rage kaya, a hau bango

Yawan ƙasan da ido yake gani shi ke sa ɗaki ya yi fili. A fito da komai tsakar gida, a kasa uku: abin da ake amfani da shi kullum, abin da sai lokaci-lokaci, da abin da ya shekara ba a taɓa ba. Kashi na uku a sayar ko a bayar. Kwanukan jere da ba a cin abinci a ciki, a zaɓi kaɗan, sauran su tafi.

Barguna da rigunan sanyi su shiga akwati a tura ƙarƙashin gado sai hunturu. A kafa kanta a bango, sama da kai, don littattafai da kwanuka. A buga ƙusa bayan ƙofa don jaka da hijabi. Mai haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda bango. Kafin a yanko katakon kanta, a auna wurin, daga 1.

A falo, kujera mai zaman mutum uku guda ɗaya da tabarma ko kafet sun wadatar. Teburin tsakiya a cire shi. Da safe a naɗe gidan sauro sama.

Darasi na 4: Haske da launi

Fenti mai haske yana mayar da hasken rana cikin ɗaki, mai duhu yana shanye shi. A zaɓi fari ko ruwan madara, bango huɗu launi ɗaya, silin fari. Leda ko kafet su zama marasa yawan zane.

Ƙarfen labule a kafa shi kusa da silin, ya zarce taga ta kowane gefe, labule ya sauko har kusa da ƙasa. Ɗaki zai yi kamar ya ƙara tsayi. Yadi 1 inci 36 ne, wato ƙafa 3. A auna daga ƙarfe zuwa ƙasa, a rubuta, sannan a tafi Kantin Kwari ko kasuwar garinku.

Madubi babba a rataye shi yana fuskantar taga.

Darasi na 5: Iska

Kada a toshe taga da sif. A buɗe ta da safe. Kada a kwana da kaskon gawayi ko janareta a cikin ɗaki ko a bakin taga. Iskar da suke fitarwa tana kisa, kuma ba ta da wari.

Aiki: A zo da zanen ɗaki mako mai zuwa, da lambobi a jiki.