Kana Legas, Gonarka na Arewa: Yadda Ake Raya Faƙo da Ramukan Tassa

Yawancin 'yan'uwanmu da ke neman halaliya a Agege, Mile 12 da Alaba Rago suna da gona a gida, kuma duk bazara sukan tura kuɗin taki da na ƙwadago. Matsalar ita ce wani sashen gonar ya zama faƙo: ƙasa ta daskare, ruwan sama ya zuba ya wuce bai shiga ba. Zuba takin zamani a irin wannan wuri asarar kuɗi ce, domin ruwan farko zai wanke shi. Abin da ke gyara faƙo shi ne ramukan tassa, dabarar da manoman jihar Tahoua a Nijar suka daɗe suna amfani da ita. A Burkina Faso marigayi Yacouba Sawadogo ne ya inganta ta, har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Da rani ake haƙa ramukan, daga Janairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Faɗin bakin rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, wato kamar taƙi ɗaya na babban mutum. Tsakanin rami da rami a bar mita ɗaya. Kada ramukan su jeru ɗaya bayan ɗaya: na layi na biyu su faɗa a tsakiyar na layin farko, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Ƙasar da aka tono a tara ta a gefen gangare, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata don ta tare ruwa. Nan ne 'yan ƙwadago suka fi yin kuskure. In suka tara ta a gefen tudu, sun toshe wa ruwa hanya da hannunsu, aikin ya tashi a banza.

Kowane rami a zuba masa busasshen takin gargajiya cikin tafin hannu biyu, kimanin giram 300, a yayyafa ƙasa kaɗan a kai don iska kada ta kwashe. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona tsiro, sai wanda ya ruɓe ya huce. Idan aka ga gara ta shiga ramin, kada a sa mata magani. Ita ce ke huda ƙasan ramin tana buɗe wa ruwa da saiwa hanyoyi, kuma saboda ita ake zuba takin makonni kafin damina.

Ga lissafin mai tura kuɗi. Hekta ɗaya tana cin ramuka 10,000 da taki tan 3, kuma haƙar kan ɗauki kimanin awa 300 da diga. Aiki ne mai nauyi, don haka kada ka ce a yi gona duka a shekarar farko. Fara da kwatan hekta: ramuka 2,500 da taki kilo 750. Ka ba da aikin jinga bisa yawan ramuka, amma ka sani mai jinga sauri yake yi, zai riƙa yin ƙananan ramuka marasa zurfi. Ka sa ƙaninka ko wanda ke kula da gonar ya yanke kara mai tsawon santimita 20, ya riƙa tsoma shi a rami yana ɗauko maka bidiyo ta WhatsApp, daga tsakiyar gona ba bakin hanya kaɗai ba, kafin ka cika kuɗi.

Wajen shuka kuma, kada ruwan Legas ya ruɗe ka. A nan damina kan kankama tun Afrilu, alhali a Katsina, Jigawa, Sakkwato da Yobe sau da yawa sai Yuni take zama. Ba a shuka da yayyafin farko. A jira ruwa mai ƙarfi, a tona ramin da hannu, in danshi ya kai tsawon taƙi sannan a sa iri. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yana da kyau a nemi na jihar da gonar take. A zaɓi iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT da ke kaiwa cikin kusan kwana 90. Bayan mako biyu zuwa uku da tsirowa a rage, a bar ƙafa uku masu ƙarfi a kowane rami. Manomi kan ji tausayin cirewa, amma ƙafa takwas a rami ɗaya kara za su ba shi, ba zangarniya ba.

Mai halin ƙara takin zamani ya sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15, kusan giram 6, a gefen ramin, kada ya taɓa irin. Kilo 15 ya wadaci kwatan hekta.

Tassa ba ta kowace ƙasa ba ce. A jigawa mai yashi ramukan kan rufta, iska ta cike su tun kafin damina. A fadama ko laka mai riƙe ruwa kuwa, ramin zai cika ya ruɓar da saiwa. Ko a faƙon ma, shekarar da ruwa ya yi yawa a ɗan fasa ƙasar da aka tara a bakin ramin don ruwan ya ragu. Bayan girbi a bar karan a gona ya rufe ƙasa, kuma duk tsiron gawo da ya fito a kyale shi, tunda shi da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta cutar da hatsi. Ramukan sukan yi shekara biyu zuwa uku, sannan a yashe su a sabunta takin.