Masu shirin tashi, ga 'yar shawara

Salam 'yan uwa. In za ku tashi daga irin lungunan Tudun Wada ko Rigasa kar ku ɗauko babbar mota, a-kori-kura ta fi shiga ko da sawu biyu za ta yi. Kafinta ya kwance gado tun jajibiri, notikan a ƙulle a leda a ba mutum ɗaya, don in ƙanne da 'ya'yan yayye suka taru kowa ɗauka kawai yake ba tambaya. Tangaran kuwa a naɗe da tsofaffin zannuwa, Anti ta riƙe a cinya. Kuma don Allah a dafa musu ko shinkafa da wake ce tun safe. Sabon gidan a duba mita kafin a karɓi makulli, kar ku gaji bashin NEPA.