Darasi na 9: Juji a Bakin Layinmu

A bakin layinmu akwai wani kango da mai shi ya yi shekaru bai waiwaye shi ba. Wata rana da asuba aka tarar da ƙullin shara a baƙar leda jingine da katangarsa. Ba wanda ya ce uffan. Kafin sati biyu yaran da ake aika zubar da shara sun mayar da wurin bola. Da damina ta faɗi, tsibin ya kai ƙugun babban mutum, ya gangaro ya cushe kwatar da ke gaban gidaje huɗu. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, har zaure ya shigo mana, ɗauke da ledar fiya-wata da ƙunzugun jarirai. Na ga wata dattijuwa tsaye cikin ruwan nan har idon sawu tana kwarfe shi da ƙoƙo. Abin bai bar raina ba har yau.

Wannan darasi a kan abin da za mu yi ne idan irin haka ta faru a unguwarmu: wa za a gaya wa, da yadda za a rubuta koke.

Me juji yake jawowa

Ƙuda yana tashi daga kan bola ya sauka a kan tuwon yaro. Idan ruwan sama ya wanke ƙazantar ya kai ta rijiya ko fasasshen bututun famfo, nan ne ƙofar amai da gudawa da taifot. Gwangwani da tsohuwar taya suna tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki, cikin kamar kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai cizo. Akuyar da ta saba kiwo a bola kuwa leda take haɗiya, ledar ta dunƙule a tumbinta, ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba sai mahauci ya farke cikin.

Wasu na ganin cinna wuta shi ne magani. Kada ku yi. Hayaƙin leda da roba yana shiga ƙirji, mai asma da jariri su suka fi jin jiki, kuma wutar bola takan kwana tana ci a ƙasa.

A da, sharar birnin Kano toka ce da kashin dabbobi da sauran abinci, shi ya sa manoman karkara ke zuwa da jakuna su cika mangala su kai gona a matsayin taki. Yau da yawa daga abin da ke cikin bola ba ya ruɓewa.

Daga ina za a fara

A fara da maƙwabci, cikin mutunci. Sau da yawa uwar gida ba ta ma san inda almajirin da take aika yake juye bokitin ba. Ka yi sallama da maigidan ka ce: “Malam, yaran gidanku nake gani suna zuba shara a kangon nan, ga shi kwata ta toshe, mu duka muke shan wahala.” Kada a daki yaro, kada a tsaya cacar baki a titi. Idan kuma da dare ne wata mota ko masu kura ke zuwa juyewa, kada ka tare su kai kaɗai. Rubuta lambar motar da ranar da lokacin, in da hali ka ɗauki hoto da waya daga nesa.

In magana ba ta yi ba, sai wurin mai unguwa. Shi ya san mai kangon, shi ke iya tara dattawa, shi kuma zai kai maganar gaban dagaci. Ku sanar da kansilan mazaɓarku. A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai jami'an duba-gari, waɗanda aikinsu ne su zo su gani da ido, su ba mai laifi takardar gargaɗi, in ya ƙi su kai shi kotu. Kwashe babban tsibi kuwa, wanda sai da tifa da katafila, a Kano aikin hukumar kwashe shara ta jiha ne, wato REMASAB.

Yadda ake rubuta koke

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Koken baki yana bin iska. Wanda ka gaya wa yau gobe an yi masa canjin wurin aiki. Takarda kuwa tana shiga fayil. Ga misali, ku cike guraben da sunayen unguwarku:

“Zuwa ga Shugaban Duba-gari, Ƙaramar Hukumar ……… Ranka ya daɗe, mu mazauna layin ……… a unguwar ……… muna sanar da kai cewa an mayar da kangon da ke kusa da masallacin layinmu wurin zubar da shara tun watan ……… Sharar ta toshe kwata, ruwa yana shiga gidaje huɗu. Mun sanar da mai unguwa ranar ……… Muna roƙon a zo a duba, a kwashe, a kuma nuna mana wurin da aka amince mu riƙa zubarwa.”

Ku lura da jimlar ƙarshe. Idan an kwashe bola ba a nuna wa mutane inda za su kai shararsu ba, wata ɗaya ya yi yawa za ta dawo. A sa kwanan wata a sama. Magidanta biyar ko goma su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a roƙi wanda ya karɓa ya buga hatimi a ɗayan ku dawo da shi gida. Bayan sati biyu in shiru, ku koma da kwafin nan a hannu. Kada ku gaji da komawa.

Bayan an kwashe

A Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Maimakon zaman jiran a buɗe hanya, matasan layi su fito da shebur da manjagara su yashe kwata. Abin da aka yaso kada a bar shi a bakin kwatar, don ruwa na gaba zai mayar da shi ciki. Mu a layinmu karo-karo muka yi muka ɗauki mai kura yana zagayowa gida-gida sau biyu a sati, mai kangon kuma mai unguwa ya sa shi ya toshe ƙofar da bulo.

Aikin gida

Zagaya unguwarku ka ƙirga wuraren da ake zubar da shara ba bisa ƙa'ida ba, ka rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. Zaɓi wanda ya fi kusa da gidanka, ka kwafi wasiƙar da ke sama a littafinka ka cike guraben. Ka zo da ita aji ranar darasi na gaba, za mu karanta ta tare mu gyara kafin a kai wa shugaban duba-gari.