Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Farkon Intanet

Duk wanda yake son fahimtar asalin intanet, ko ɗalibi ne ko malami, zai fi samun sauƙi idan ya riƙe tambaya ɗaya yana yi wa kowane mataki, wato wace hukuma ce ta biya kuɗin aikin, kuma me take nema da shi.

Ka fara da hukumar ARPA, wadda gwamnatin Amurka ta kafa ƙarƙashin ma'aikatar tsaro a 1958, bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik. Hukumar tana ɗaukar nauyin bincike a jami'o'i da dama, kwamfutocin lokacin kuma tsada gare su ƙwarai, saboda haka ta nemi hanyar da masu bincike za su riƙa aiki da na juna daga nesa. Wannan ne ya haifar da ARPANET, hanyar sadarwar da ta haɗa kwamfutocin cibiyoyin bincike. A nan ya kamata ka yi hattara da labarin da ya yaɗu cewa an gina ta ne domin ta jure harin nukiliya. Paul Baran na cibiyar RAND ne ya yi wancan nazari, kuma dabarar gutsuttsura saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, wadda shi da Donald Davies na Birtaniya suka gano kowa da kansa, ta shiga cikin aikin, amma manufar ARPANET ita ce haɗa gwiwa wajen amfani da kayan aiki.

Daga nan sai ka kafa wa kanka ranaku kaɗan da za ka riƙa rataya sauran labarin a kansu. Ranar 29 ga Oktoban 1969 aka aika saƙon farko daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar SRI, inda haruffa biyu kawai suka isa kafin na'urar ta tsaya. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarin TCP, wato ƙa'idojin da ke bai wa hanyoyin sadarwar kwamfuta daban-daban damar musayar bayanai, bayan sun amfana da aikin Louis Pouzin a kan hanyar sadarwar CYCLADES, wadda gwamnatin Faransa ta ɗauki nauyinta. Ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET ta koma kan TCP/IP, tsarin da ya samo asali daga TCP.

Mataki mafi amfani, a ganina, shi ne karanta abin da injiniyoyin suka rubuta da kansu. Takardun RFC, wato takardun da injiniyoyin suke bayyana shawarwari da ƙa'idojin fasaha a cikinsu, suna nan kyauta a intanet bisa jerin lambobi. Ka buɗe ta farko, wadda Steve Crocker ya rubuta a Afrilun 1969, sannan ta 801, inda Jon Postel ya tsara yadda za a yi sauyin 1983. Kada kalmomin fasaha su firgita ka. Ka lura da sunan marubuci, da cibiyar da yake aiki, da kwanan wata.

Kada kuma ka tsaya a ARPANET, wadda aka rufe a 1990. Hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta buɗe tata hanyar sadarwar, NSFNET, a 1986 don haɗa manyan cibiyoyin kwamfuta biyar, ta bai wa jami'o'i damar shiga, tare da ƙa'idar da ta taƙaita harkar kasuwanci a kanta. Ka binciki yadda aka sassauta ƙa'idar har zuwa Afrilun 1995, lokacin da aka rufe NSFNET, kamfanoni masu zaman kansu suka karɓi jigilar bayanan.