Darasi na Bakwai: Ciwon Gaɓɓai ga Mai Shan Maganin Sankarar Mama

Bayan an yi wa mace aikin sankarar mama, sau da yawa likita yakan ɗora ta a kan wata ƙaramar ƙwaya da za ta riƙa sha sau ɗaya a rana har shekara 5, wani lokaci ma har 10. Dalili kuwa shi ne yawancin irin wannan sankara tana girma ne da wani sinadari na jikin mace mai suna istrojen, aikin ƙwayar kuma shi ne ta raba cutar da abincinta don kada ta dawo.

Kowace ɗaliba da ke shan maganin, ko take jinyar mai shansa, ta ɗauko kwalin ta karanta sunan da ke jiki. A kantunan magani na Garwa da Marwa da Ngaundare a ƙasar Kamaru, da Faransanci ake rubuta shi: Tamoxifène, Létrozole, Anastrozole ko Exémestane. Ukun ƙarshe ana ba da su ne galibi ga matan da suka daina haila, kuma su ne suka fi kawo ciwon gaɓɓai, domin suna rage istrojen ɗin ƙwarai, alhali gaɓɓai da ƙashi ma suna amfana da shi. Kusan rabin masu shan su sukan ji wannan ciwo, yawanci a cikin watannin farko.

Ciwon ya fi tsanani da asuba, musamman da hunturu. Mace za ta tashi yin alwala ta tarar yatsunta sun sandare, ta kasa riƙe buta, diddige ya ƙi taka ƙasa, gwiwa kuma ta ƙi lanƙwasa. A nan ne wasu suke cewa sanyin ƙashi ne ko tsufa, wasu kuma su jefa kwalin ƙarƙashin katifa ba tare da sun gaya wa kowa ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane haɗari, domin daina maganin kafin wa'adinsa yana ƙara yiwuwar dawowar cutar.

Abin da ya fi sauƙaƙa ciwon, ko da yake jiki ba ya so, shi ne motsi. Kafin a sauko daga gado, a dunƙule hannu a buɗe sau 10, a juya idon sawu, sannan a zuba ruwan ɗumi a roba a tsoma hannuwa na minti 10, ana matsa tsumma a ciki kamar mai wanki. Ruwan ya zama wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, kada a ƙona fata. Tafiya da ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ita ce ginshiƙi, kuma a zafin watan Maris da Afrilu sai a yi ta bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10. Sau biyu a mako a ƙara da tashi daga kujera da komawa ba tare da dafa gwiwa ba, da ɗaga gorar ruwa a hankali. Wadda aka cire wa ƙululun hammata ta fara tambayar likita nauyin da ya dace da wannan hannun. Kada a ce shara da daka sun isa. Amfanin motsin ba ya bayyana a mako guda, sai an yi watanni ana yi.

Farasitamol yana taimakawa idan an sha yadda likita ya tsara. Ibufurofen da dikulofenak kuwa suna iya yi wa ciki da ƙoda lahani idan aka daɗe ana sha. Tiramol da ƙulle-ƙullen ƙwayoyin da ’yan talla ke sayarwa a bakin kasuwa, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, a nisance su ɗungurungum.

Idan ciwon ya hana barci ko aiki, likita yana da hanyoyi: yana iya sauya ƙwayar da ’yar’uwarta, ko ya mayar da mace kan Tamoxifène, ko ya ba ta hutu na ’yan makonni, ko ya duba ƙarfin ƙashinta da bitamin D. Amma akwai ciwon da ba a jira da shi ranar da aka sa ta ganin likita. Ciwo a wuri guda cikin ƙashi da ke ƙaruwa da dare, ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu, ko kumburin ƙafa ɗaya ga mai shan Tamoxifène, duk suna bukatar a je asibiti nan take.

Aikin wannan mako: a ja layi uku a littafin rubutu, a rubuta kwanan wata, da gaɓar da ta yi ciwo, da ƙarfin ciwon daga 1 zuwa 10. Ranar ganin likita a tafi da littafin tare da kwalin maganin.