Kafin ku biya kuɗin buga muƙala

'Yan uwa masu digiri na biyu da na uku, kafin ku tura wa mujalla ko sisi, ku kwafi lambar shaidarta, wato ISSN, mai alƙaluma 8, ku liƙa a shafin intanet na Scimago, mai auna darajar mujallu. Kyauta ne.

Zai nuna muku matsayinta, daga Q1 (mafi daraja) zuwa Q4 (na ƙasa), bisa bayanan Scopus, rumbun da ke tantance mujallun ilimi. Kada ku bi "Impact Factor", wato ma'aunin tasirin mujalla, da mujalla ta manna a goshinta da jan rubutu. Na gaskiya kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi. Ni sai da kuɗina suka tafi na gane haka.

Amma fa sau ɗaya a shekara ake sabunta Scimago, don haka za ku iya ganin wata mujallar a ciki alhali an riga an cire ta daga Scopus. Kuma yawancin mujallunmu na nazarin Hausa ba sa ciki, ko da nagartattu ne. Waɗannan sai ku tambayi malaman sashenku.